Takalmin Direba

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya idon? Ina fata kana ɗiga maganin kamar yadda likita ya ce, ba sai Yaya ta yi ta binka da kwalba ba. A gaishe ta da maigidanta da yaran.

Shago lafiya lau. Na cire bencin nan naka da masu kawo aiki ke zama a kai, na sa kantar gilashi na jera takalma. Kada ka yi fushi, Baba. Mutanenka in suka zauna ba sa tashi, gyaran dunduniya ɗaya sai an ba ka labarin duniya.

Ka tambaye ni abokinka Direba, mai ɗaukar 'yan makaranta. An kwana biyu ban gan shi ba. Na yi masa takalmi sau-ciki baƙi, aiki mai kyau, ko kai ka gani sai ka yaba. Amma ya yi ta dawowa, wai na hagun akwai abin da yake yi masa. Na tambaye shi ko yana matse shi, ya ce a'a. Ko yana yi masa zafi, ya ce ko kaɗan. To me kuma? Na ce masa sabuwar fata ce, za ta saki. Ya so ya ƙara magana, ga mutane tsaye suna jira, sai na sallame shi. Ina jin tsufa ne kawai.

Ɗanka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan jikin da sauƙi. Ni dai lafiyata ƙalau, amma wallahi da kunya nake riƙe da biron nan.

Matar Direba ta zo shago shekaranjiya. Ba ta zage ni ba, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta fito da takalmin hagun daga leda ta ajiye a kan kanta, ta ce in sa hannu ciki. Na sa. Baba, can wajen ƙaramin yatsa, tsinin ƙusa ne ya leƙo, ban danne shi ba. Sai da ya karce ni. Shimfiɗar ciki duk ta yi baƙi da busasshen jini.

Ashe Direba yana da ciwon suga, ya daɗe ba ya jin komai a tafin ƙafarsa. Shi ya sa ya ce ba zafi. Abin da yake ta ƙoƙarin gaya mini shi ne, in ya cire safa da yamma yana ganin ta jiƙe a wuri guda. Ta ce ya faɗa mini. Na tsaya ina tunani, sai na tuna lallai ya ambaci safa, ni kuwa a lokacin waya ce a kunnena. Har dariya na yi, na ce ni takalmi nake ɗinkawa, ba safa ba. Haka na ce wa sa'an mahaifina.

Da ya koma gida ta ce ya bar sa takalmin, ya ƙi. Wai ɗan gidanka ne ya yi, kuma na ce za ta saki, ai na fi shi sanin fata. Ya ci gaba da taka kulocin mota da shi kullum, safe da yamma, har ƙafar ta kumbura ta fara wari. Yanzu yana kwance a asibiti. Likitoci suna ƙoƙarin ceton ƙafar, sun ce ba su yi alkawari ba.

Kai ka koya mini cewa duk wanda ya dawo da takalmi, a cire shi a sa hannu ciki tun yana cikin magana. Ni ko ce masa ya cire ban yi ba. A ina ma zai zauna ya cire, tunda na ɗauke bencin? A tsaye ya yi ta yi mini bayani, yana dafe da ƙofa.

Na je asibitin jiya. Na kai har bakin ɗakin, na hango shi ta labule, amma ban shiga ba. Na bar lemon da na saya a hannun wata ma'aikaciya na juyo kamar ɓarawo. Matata ta ce ban kyauta ba, kuma gaskiyarta.

Ka sa shi a addu'a, Baba. In ƙafar nan ta tafi, motar ma ta tafi, kuma da ita yake ci da gidansa.

Ɗanka mai jin nauyinka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi. Labarinka ta bakin Yaya ya iso. Ta ce da aka karanta maka wasiƙata, abincin da ke gabanka ma ture shi ka yi. Da ma zagina ka yi, da ya fi mini sauƙi.

An yanke, Baba. Daga ƙasan gwiwa.

An sallame shi, sai ya aiko matarsa wai in zo gida da kayan awo. Na tafi, na ce a raina ko me ya faɗa mini na cancanta. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, sandunan asibiti jingine da bango, makullin motar kuma tuni makarantar ta aiko an karɓa. Ya rame ƙwarai. Da ya gan ni sai ya yi murmushi, ya ce lemona ya iso, amma mai lemon ya ɓata a hanya.

Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce ba don wannan ya kira ni ba. Likita ya gargaɗe shi ya kula da ƙafar da ta rage kamar ƙwai, shi kuwa tun yana saurayi a shagonmu ake yi masa takalmi, bai san wani wuri ba. Yana so in yi masa mai faɗin baki, mai laushin ciki, ba ƙusa ko ɗaya. Ya tambaye ni ko yau ina da lokacin da zan ji bayanin. Baba, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na zauna a ƙasa ya yi ta magana, inda fatarsa ke tsagewa, yadda ƙafar ke kumbura da yamma, abin da likita ya hana. Duk abubuwan da ya so ya gaya mini ne tun farko, kuma ba su fi a faɗe su cikin ɗan lokaci ba.

Na shimfiɗa kwali, na ɗora ƙafarsa ta dama, na zagaye ta da fensir. Da na gama sai na jawo kwali na biyu kamar yadda na saba, na miƙa hannu in ɗauko ta hagun. Hannuna ya kama ƙafar wando a ninke. Matarsa ta tashi ta shige ɗaki. Shi kuwa ya dafa kaina, ya ce in bari, shi ma in ya farka da safe yana mantawa.

Da zan fito ya roƙe ni kada in gaya maka yadda abin ya faru, wai kada ranka ya ɓaci da ni, ga shi ba ka da lafiya. Ban iya ce masa ka riga ka sani ba.

Idan idon ya yi sauƙi ka daure ka zo ka duba shi. Ka zo kafin in kai masa takalmin, ka sa hannunka ciki. Ni ban yarda da nawa ba tukuna.

A gaida Yaya da yara.

Ɗanka,
Auta