Idon Zahra'u da Kunyar Ɗan Fari

Unguwar Hajji, Karaye.

Zuwa ga Yayana Halliru a Legas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yaya Zaituna da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. An gama girbi, dawa ta yi kyau bana, Inna kuma ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa gidan suna da kanta.

Yaya, maganar Zahra'u ce ta sa na ɗauki biro, 'yar farin Yaya Abdussalam, wadda Gwaggo Sauda ta ɗauka riƙo a Kwanyawa tun daga yaye. Ka san idonta na hagu tun ƙyandar da ta yi tana ƙarama ba ya gani sosai. To a girbin nan ganyen dawa ya karce na daman. Gwaggo, baiwar Allah, ta yi abin da ta sani, ta ɗiga mata nono ta sa mata kwalli. Kafin a ankara hakiya ta rufe baƙin idon. Ranar da na je na tarar da yarinyar nan tana laluben bakin randa da hannu, wallahi sai da na koma bayan ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Mun kai ta asibitin ido a Kano. Likita ya ce fatar nan mai kamar gilashi da ke gaban baƙin ido ita ta mutu, amma cikin idon lafiyarsa ƙalau. Ya ce ana cire ta a dasa wata, kuma in an yi da wuri akwai kyakkyawan zaton ganinta zai dawo. Sai muka zo kan kuɗi. Na lissafa maka da shanu don ka fi ganewa. A Kano abin da suka faɗa mana ya kai kuɗin bijimai biyu masu ƙiba. Habibullahi ɗan Baffa ya tambayo mana a Abuja, aka ce masa kusan ninki. Wani kuma ya ce mu tafi Masar, na ce masa mu da kuɗin motar Kano ma sai mun yi shawara! Aka ce in da inshorar lafiya, za a ɗauke mana gado da gwaje-gwaje da maganin ɗigawa, wanda za ta daɗe tana sawa bayan aiki. Fatar da za a dasa kam mu za mu saya, don daga waje ake kawo ta. Ko ba komai an sauke mana kusan bijimi guda.

Da na ji haka sai na yi hamdala, tunda Yaya Abdussalam ma'aikacin gwamnati ne a Rogo, iyalinsa duk suna ciki. Ashe ba duka ba. Lokacin da aka yi musu rajista, a gaban dattawan ofis aka ce kowa ya faɗi sunayen 'ya'yansa. Yayanka sai ya fara daga Abubakar Sadiƙ mai bi mata ya gangara ƙasa, ya tsallake Zahra'u. Ka san shi da kunyar ɗan fari, shekara goma sha shida bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar Gwaggo". In ta shigo zaure shi ya fita. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani, duk sallah shi yake fara ɗinka mata kaya ya ba ni in kai a ce ni na saya. Amma ranar da na gano haka na faɗa masa magana son raina. Na ce kunyar da za ta makantar da 'yarka, ka ajiye ta a gida. Ya sunkuyar da kai, sai ga hawaye na bin gemunsa. Ni ma sai na ji tausayinsa, don haka aka rene mu duka.

Gwaggo kuwa ta rantse sai ta sayar da shanun nomanta, wai ita ta ɓata idon. Da ƙyar muka hana ta. Ta kuma tsorata da ta ji fatar ta mamaci ce, sai da malamin unguwarsu ya zaunar da ita ya ce sadaka ce mai gudana ga wanda ya bayar, sannan ta kwantar da hankalinta.

Makon jiya muka je ofishin inshora mu uku, ina riƙe da hannun Zahra'u. Ma'aikaciyar ta ce ana iya ƙara ta tunda ba ta kai sha takwas ba, amma uban ne zai faɗi sunanta da matsayinta a wurinsa. Na buɗe baki zan taimaka, ta ce a'a, ba ni ta tambaya ba. Yaya ya yi ta murza hularsa, gumi na keto masa, har na fara cewa a raina shi ke nan mun yi zuwan banza. Can sai ya ɗaga kai ya ce sunanta Zahra'u, 'yarsa ce ta fari, kuma ya sake faɗa da ƙarfi kamar ba a ji ba. Zahra'u sai ta ƙara riƙe hannuna gam.

An ce sai an ɗan jira kafin katinta ya fara aiki, likita kuma ya ce jiran bai yi yawa ba. Abin da nake roƙonka, don Allah ka tambayo mana a nan Legas nawa ake yi, da inshora da babu, kuma ko fatar ta fi saurin samuwa. In nan ya fi, sai ka shirya mana wurin kwana. In Kano ce, abin da Allah ya hore maka ka sa hannu, mun riga mun kai bijimin Inna kasuwa.

A mota muna dawowa Zahra'u ta raɗa mini cewa ita fa ba ta ga fuskar babanta ba lokacin da ya faɗa. Ta ce in an buɗe mata ido, in roƙe shi ya sake faɗa sau ɗaya tana kallonsa. Na gaya masa a gabanta, ya juya yana kallon taga, ya ce Allah ya kai mu.

Ka gaishe mini da Yaya Zaituna da Fauziyya da ƙaramin Alhassan. Inna da Gwaggo suna sa maka albarka. Zahra'u ta ce a gaida Baffanta na Legas, ya sa ta a addu'a.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Juwairiyya.