Littafin Baba Mai Koren Bango

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi wa nema albarka. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da mai gyaran famfo, ka san kuwa in ta fara faɗa ta warke. Ni ce dai hankalina ba a kwance yake ba. Na zaɓi in rubuto ne don a waya kuka zan yi, ka kasa gane komai.

Ka san aikin digirina a kan yadda manoma ke sauya dabara ne tun da ruwan sama ya daina zuwa a kan lokaci. Ba gona nake zuwa ba. Nawa shi ne in tattaro duk abin da masana suka rubuta, in tace shi bisa ƙa'ida. Ita ƙa'idar tun kafin a fara nema ake rubuta ta, don kada son zuciya ya shiga. Tawa ta ce sai binciken da aka buga a mujalla. Na samo dubu da ɗari uku, na tace suka koma arba'in da ɗaya.

Sai na yi abin da bai kamata ba. Ina share ɗakin Baba, Allah Ya jiƙansa, na ci karo da rahoton da ya haɗa lokacin yana malamin gona. Shekara ashirin da biyu yana rubuta ranar ruwan farko da irin da kowane manomi ya shuka. Wallahi Yaya, ya fi rabin abin da na karanta ma'ana, amma ba a taɓa buga shi ba. Na lallaɓa na ƙara layi ɗaya a ƙa'idata, na ce har da rahoton ma'aikata, na saka shi. A makaranta na ja bakina na yi shiru, a gida kuwa bakin ya ƙi rufuwa. Na gaya wa Mama sunan Baba zai fito a littafina.

Abokiyar aikina ce ta gano, domin dole ita ma ta tace nata daban mu gwada. Ta ce in na buɗe wa Baba ƙofa, to akwai rahotanni ɗari biyu da sha huɗu irin nasa da na watsar tun farko. Da maganar ta kai ga malamina, ya cire tabarau ya kalle ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce ko in cire Baba, ko in bayyana canjin a rubuce in karanta dukkansu kafin ƙarshen wata. In na makara, sai baɗi.

Na buɗe kaɗan daga cikinsu don in samu hujjar ƙi. Yaya, duk irin Baba ne, mutanen da suka yi shekaru suna rubutu ba wanda ya duba. Ni ma ko shafin farko ban duba ba na watsar da su. Na ce zan karanta. Goma nake yi a rana, idanuna har ruwa suke yi.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. A rahoton Baba akwai shekara uku da babu komai, sai dai ya rubuta a duba littafi na huɗu. Malam ya ce da wannan giɓin ba zai tsallake tantancewa ba, ko na wane ne. Na birkice ɗakin, littattafan rubutunsa uku kawai na samu. Sai na tuna bayan rasuwa ka ɗauki wani mai koren bango, ka ce don tunawa. Don Allah ka duba akwatinka yau, ka ɗauko mini hoton kowane shafi. Kada ka ce gobe, na san gobenka.

Ka gaida Anti da takwarata da ƙaramin Baba. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa. Mama ma tana gaishe ka, ba ta san da wannan matsalar ba tukuna. In ba a samu mai koren bangon nan ba, da hannuna zan rubuta a gaban sunan Baba cewa aikinsa bai cika ba. Ita kuwa har ta sa an gyara mata tabarau, wai da idonta take so ta ga shafin.

Ni ce ƙanwarka,
Auta