Saniyar da na sa aka farke a Tirwun

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na sauya su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na haura tamanin da biyar, da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, kwana uku na yi ina haɗa shi.

Ni tsohon malamin dabbobi ne a nan Bauchi tun zamanin En'e. Ina da jika, bari in kira ta Ummi, ta gama karatun likitan dabbobi, yanzu tana shirin jarrabawar samun lasisi, saura mako uku. Kullum bayan la'asar takan zo ta zauna gefen kujerata da wayarta tana karanto tambayoyin shekarun baya, wai A ne ko B ne ko C, ni kuma ina tsokanarta cewa ban taɓa ganin saniyar da ta zo da A da B a goshi ba. Ita ma ba ta raga min, angonta likitan zamanin jaki take ce min. Ina jin daɗin zaman, amma gaskiya salon karatun nan yana ci min rai. Yarinya ga ƙwaƙwalwa, sai dai gaggawa, kafin ta kai ƙarshen tambaya ta riga ta zaɓi amsa.

Kwana tara ke nan da ta karanto wata tambaya. Saniya ce lafiyayya, farkon damina, aka same ta a mace, ciki ya kumbura, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura kuma bai daskare ba, me za ka fara yi. Ummi tana jin damina da kumburi ta ce ai sabuwar ciyawa ce ta kumbura mata ciki, a buɗe gawar a tabbatar. Da ta duba amsa ta ga ciwon saifa ne, wanda ba a taɓa buɗe gawarsa don yana kama mutum, sai ta yi dariya ta ce ai ta sani, layin ƙarshe ne kawai ba ta karanta ba. Wallahi dariyar nan ce ta kwance min kai. Ban san lokacin da na buga sandata a tebur ba har kofin shayi ya faɗi, na ce mata irinta ne suke kashe mutane, in haka za ta yi aikin gara ta je ta sayar da ƙosai. Na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa wa ko 'ya'yana ba. Ta tashi tana kuka, tun ranar ba ta sake taka gidan nan ba, kuma ta gaya wa babanta wai wataƙila ba za ta zauna jarrabawar bana ba.

Kowa a gida ya ɗauka tsufa ne. To ba tsufa ba ne, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Shekara guda kafin a ba mu mulkin kai ina ɗan koyo a ofishin dabbobi, ina shirin jarrabawar zama cikakken malamin dabbobi. Ni da abokina Bitrus, mutumin kudancin Bauchi, tare muke hadda. Ni ne gwanin littafi, in zuba maka babi guda ba tuntuɓe, shi kuwa Bitrus a hankali yake, sai ya taɓa dabba ya shinshina kafin ya buɗe baki, har haushi yake ba ni. A lokacin ina neman auren wata yarinya a Tirwun, yayanta Sale yana da 'yan shanu, kuma duk gidansu Likita suke ce min alhali ko satifiket ban riƙe ba. Sunan nan ya shiga kaina ƙwarai.

Wata safiya a farkon damina saniyar Sale ta faɗi tana shure-shure, ya yi maza ya kai mata wuƙa kada ta zama mushe, kamar yadda kowa yake yi. Aka aiko min, muka hau keke ni da Bitrus. Muna isa na ga ciki a kumbure, ga mutane sun taru, ga yarinyar da nake so tana leƙowa ta danga. Makon nan na haddace babin kumburin ciki, don haka ko durƙusawa ban yi ba na yanke hukunci. Bitrus ya ja ni gefe ya ce in dubi jinin da ya zuba, baƙi ne kamar kwalta kuma ya ƙi daskarewa, ya ce mu ɗebi ɗigo ɗaya daga kunne mu shafa a gilashi mu kai ofis a duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta, kada kowa ya taɓa ta. Na ce masa tsoronsa ya yi yawa. Gaskiyar magana kuma ina so in ga kayan ciki da idona kafin jarrabawa, don a hoto kawai na san su. Na ce wa Sale ya feɗe ta.

Sai ga saifar ta fito, ƙatuwa, baƙa, ta yi laushi tana narkewa a hannu. Na gane nan take. Na hana a raba naman, na ce kumburin ya ɓata shi, na sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne har da fatar da Sale ya riga ya saɓa a wuya. Amma ban faɗi sunan ciwon ba, ban kai rahoto ba, don in Baturen da ke koyar da mu ya ji na sa an buɗe irin wannan gawa saura mako biyu jarrabawa, kora ce ba makawa.

Bayan 'yan kwanaki ƙurji ya fito wa Sale a wuya, tsakiyarsa baƙi, gefensa a kumbure, kuma ba ya masa zafi. Ya nuna min yana dariya wai ko gizo-gizo ne ya yi masa fitsari. Na san ko mene ne, na san allurar fanisilin tana maganinsa in aka yi da wuri, yana cikin littafina shafi da layi. Na yi shiru kwana uku ina ce wa kaina zai warke da kansa, ai littafin ya ce wasu suna warkewa. Bitrus ya same ni sau biyu ya ce in kai shi asibiti in faɗi gaskiya, na roƙe shi ya ba ni kwana ɗaya, sannan wani kwana ɗayan. Ranar da wuyan ya kumbura har numfashi ya fara gagararsa na ɗora shi a keke na tura shi tun daga Tirwun har asibiti, na gaya wa likita abin da ya taɓa. Likitan ya tambaye ni tun yaushe ƙurjin ya fito, na faɗa masa. Washegari Sale ya rasu.

Na zauna jarrabawar. Tambayar ciwon saifa ta fito, na amsa ta tsaf, alamu, abin da za a yi, abin da ba za a yi ba, har Baturen ya karanta amsata a gaban aji don sauran su koya. Iyayen yarinyar kuma suka ce yaron da ya tura ɗansu a keke cikin rana har asibiti ba za su hana shi 'yarsu ba. Ita ce Hajiya, matata, muna tare sama da shekara sittin. Ɗanmu na fari sunan Sale muka sa masa, shi ne baban Ummi. Bitrus ya riƙe min sirrin har ya koma ga Mahaliccinsa, amma tun daga ranar bai sake ce min Likita ba ko da wasa.

Yanzu abin ya dame ni ta ko'ina. Ɗana ya zo ya ce min cikin ladabi, Baba a riƙa haƙuri da yaran zamani, tambaya ce kawai a waya ba saniyar gaske ba. Hajiya kuma kullum sai ta yi min faɗa, wai Malam me ya same ka, kai da ka fi kowa tausayi, kai da ka yi wa Yaya Sale abin da ko ɗan'uwa na jini bai yi ba. Duk sanda ta faɗi haka ji nake kamar in fasa ihu, amma sai in sunkuyar da kai in ce to.

Zan iya kiran Ummi in ce tsufa ne ta yafe min. Na san za ta dawo, za ta zauna jarrabawar ta ci, amma ciwon saifa zai zauna mata layi ɗaya cikin dubun layukan da ta haddace, ni kuwa na san hadda ba ta hana mutum yin abin da na yi, don ni ma na haddace shi. In kuma na ba ta labarin nan na tabbata har ta mutu ba za ta sake yanke hukunci kan dabba ba sai ta durƙusa ta duba. Sai dai Ummi ba ta ɓoye wa kakarta komai, ko ta yi shiru fuskarta za ta tona. Kuma ban ga adalcin in ɗora wa yarinya kayan da na kasa ɗauka ba saura mako uku jarrabawarta.

To jama'a yaya zan yi? In ba Ummi haƙuri kawai in tafi kabari da abina? In jira ta gama jarrabawar tukuna, alhali a shekaruna ban da tabbacin mako uku, kuma jiran kwana uku ne ya kai ni inda nake? Ko Hajiya ce ya kamata ta fara ji, tun da yayanta ne? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Yanzu haka da nake danna wannan Hajiya tana kan sallaya, ina jin ta tana nema wa Yaya Sale gafara, kuma na san abin da ke biye, don sama da shekara sittin ba ta taɓa tsallake shi ba. Za ta ce Allah ya saka wa Malam da alheri.