Sakin Layin da Ba Shi da Kati

Litinin, 3 ga Maris

Yau na koma kan kwamfuta. Wata biyu ban taɓa ta ba, har ƙura ta shige tsakanin haruffa. Malam, maigidana, bai ce in koma ba. Ya dai ajiye kwalin katunansa a kan tebur ya tafi jami'a, ni kuma na gane.

Babi na huɗu ya rage a kundin digirinsa, ƙarshen Mayu zai kare shi a gaban malamai. Shekara uku ke nan ni nake buga masa, don rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Har Sakatariya yake ce min in yana cikin raha. Tsarinsa ɗaya ne: kowace magana da katinta, a saman katin sunan littafi da shafi. Ya jera su, in buga, in sa lamba a ƙasan shafi. Madogara yake kiran wannan. Inda bai tabbatar da shafi ba, taurari uku nake sawa, ya cike daga baya.

Babin a kan abin da malaman Yahudu da na Kirista na dā suka faɗa ne game da jariran da suka mutu. Tun kafin in samu ciki ya zaɓi wannan. Haka nake ta faɗa wa kaina.

Yarinyata kwana goma sha tara ta yi.

Laraba, 5 ga Maris

Shafi shida. Sau biyu na canja riga, nonon har yanzu bai gama ɗaukewa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Katunan yau. A wajen malaman Yahudu, jaririn da bai cika kwana talatin ba, ba a wajabta zaman makoki a kansa ba. A wajen waɗansu malaman Kirista na dā kuwa, wanda ya mutu ba a yi masa wankan baftisma ba, yana wani wuri ne da babu azaba, amma ba ya ganin Ubangiji. Waɗansu sun ce ko sanin abin da ya rasa bai yi ba. Shekaru ɗaruruwa suna jayayya a kai, manyan mutane masu gemu, kowa da hujjarsa.

Da rana muna cin abinci na ce, Malam, can ɗin da suke faɗa, wa ke ɗaukarsu? Ya ajiye cokali. Ya ce ba su tattauna wannan ba. Na ce, to kai me ka gani? Ya ce aikinsa ba ya ce an yi daidai ko an yi kuskure ba ne, aikinsa ya nuna wa ya faɗi me, a ina. Sai ya tashi wai zai sha ruwa, alhali ga kofi cike a gabansa.

A littattafan soyayyar da nake karantawa, a nan ne mijin yake durƙusawa ya kama hannun matar, hawayensa na ɗiga a kan yatsunta. Na karanta irin wannan ya fi sau hamsin. Na ɗauko guda bayan ya fita, na kai inda yarinyar ta hango mai farar mota a bakin ƙofa, na rufe.

Talata, 11 ga Maris

Yaya ta zo. Ta leƙa kwalin ta ce, "Ke, waɗannan matattun malaman sun fi ki samun hirar mijinki. Ko shayi suke dafa masa ne?" Na yi dariya har ta ji daɗi. Ta ce in bar bugun nan, ya nemi wani. Na ce wa zai iya karanta rubutunsa? Ta kwashe kayan jariri daga ƙasan gado ta sa a jaka, ba ta tambaye ni ba. Na bar ta.

Alhamis, 13 ga Maris

Na yi wani abu.

Da hantsi ne, ina shafi na talatin da ɗaya. Kati bayan kati, ko suna jin zafi, ko suna da sani, ko wurin yana da haske. Babu wanda ya ce komai a kan hannun da zai ɗauke su. Jaririn da wuyansa bai tsaya ba! Ban san lokacin da yatsuna suka ci gaba ba bayan katin ya ƙare. Ga abin da na buga, bari in ajiye shi a nan:

"Wani tsohon malami mai zaman kaɗaici ya ce, jariran nan ba a kwantar da su a ƙasa. Akwai matan da suka mutu wajen haihuwa ba su ga nasu ba, su ake miƙa wa, kuma kowacce ta san yadda ake tallabe kai. Ranar da uwa ta iso ba a tambayarta ko wace ce. Jaririn ne yake juyowa."

Na sa masa lamba kamar sauran, na sa taurari uku a ƙasa. Ya zauna daram a tsakaninsu, ba ka ce ba ɗan gida ba ne. Na ce gobe zan goge.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban goge ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya kai wa Farfesa babin, malamin da ke duba aikinsa ke nan. Sauran babobin kafin ya kai, sai Malam ya bi su layi-layi da jan biro, har waƙafi yake min faɗa a kai. Wannan ko buɗewa bai yi ba. Ya ƙirga shafukan ta gefe da babban yatsa, ya sa hannu a takardar sama, ya zura a jaka. Sai yanzu na gane ba ni kaɗai ce babin yake yanka ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ya dawo da babin. Farfesa ya ja layi biyu a gefen sakin layina, ya rubuta cewa nan ne zuciyar babin gaba ɗaya, shekara talatin yana wannan fage bai taɓa cin karo da shi ba. A kawo masa sunan littafi da shafi kafin a aika wa mai jarrabawa na waje.

Allah ya yafe min, abin da na fara ji daɗi ne. Na shiga kicin na tsaya ina murmushi ga tukunya. Farfesa guda! Har na fara hango sunana a bangon littafi, da hoton fure.

Da na fito na tarar ya juye kwali na farko a kan tabarma yana neman katin.

Litinin, 31 ga Maris

Kwali huɗu, kati ya fi dubu. Ya bi su sau biyu. Ya ce, "Sakatariya, ba ki ga wani ya faɗa bayan tebur ba?" Na taya shi jan teburin. Na taya shi! Har da leƙa ƙasan firiji.

Laraba, 2 ga Afrilu

Daga buɗe laburare har rufewa yana can. Ya ce wataƙila a cikin littattafan Latin ɗin nan ne da ya aro bara. Ya ba ni labarin wani ɗalibi da aka kama shekarun baya ya ƙirƙiro magana ya jingina wa malamin da bai faɗa ba. Ba digirin kaɗai ya rasa ba, har koyarwar da yake yi aka karɓe. Ya ce a aikinsu sata ma ta fi wannan sauƙi, don ɓarawo aƙalla abin da ke akwai ya ɗauka.

Wandonsa ya fara yi masa yawa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na buɗe baki zan gaya masa, sai Mama, mahaifiyarsa, ta kira shi a waya tana tambaya yaushe za ta ɗinka kayan bikin digiri.

Talata, 8 ga Afrilu

Yau da la'asar ya zauna a bakin gado da shafin a hannu. Ya ce ya tuna. Wallahi haka ya ce. Wai yana ganin littafin a idonsa, mai koren bango, a gefen dama daga ƙasa, ranar ana ruwa.

Sai ya ce, bai ɗago ba, "Duk abin da na karanta a shekara ukun nan, wannan kaɗai ne ya yi min amfani." Ya karanta layin ƙarshe a fili, muryarsa ta karye a tsakiya. Tun ranar da muka dawo daga asibiti hannu wofi ban ga idonsa ya jiƙe ba sai yau.

Abin da nake jira ke nan wata uku. Ga shi ya zo, kuma a kan ƙaryata ya zo.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Da safe ya miƙo min sabon kati. Sunan wani malami na ƙarni na goma sha uku, da littafi, da shafi. Ya ce salon maganar irin nasa ne, kusan ya tabbata, littafin kuma babu shi a nan kusa balle a duba. "Cire taurarin ki sa wannan." Bai kalle ni ba. Mutumin da ya taɓa hawa mota awa biyar don ya tabbatar da lambar shafi ɗaya.

Na ce ba zan sa ba. Ya ce me ya sa. Na ce don babu littafi mai koren bango, ni na rubuta.

Bai gane ba da farko, ya ce ai ya san ni na buga. Na ɗauko wannan littafin da nake rubutu a ciki na buɗe masa ranar 13 ga Maris. Ya karanta a tsaye. Ya koma sama ya sake karantawa. Na jira tsawa, na ma fi son tsawar. Abin da ya ce kawai, "Ashe babu wanda ya faɗa." Na ce ni na faɗa. Ya ce, "Ke ai kina nan tare da ni. Ba ki sani ba, kamar yadda ban sani ba."

Ya yaga sabon katin gida huɗu, ya zuba a aljihu, ya fita.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ya gaya wa Farfesa. Bai ambace ni ba, matar abokin karatunsa ce ta fesa min a waya. Cewa ya yi maganar ba ta da asali, kuma shi ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Kwamiti ya zauna. Ba za a kore shi ba, tunda da ƙafarsa ya je. Amma ba zai kare kundi bana ba. Kuma duk madogarar da ke ciki, ɗari uku da tamanin da shida, sai ya kawo littafin kowacce ya nuna shafin, mai kula da laburare ya sa hannu.

Shekara guda. Ni na ci masa ita da layi huɗu.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Da kansa yake bugu yanzu, da yatsa biyu. Ina jin ƙarar daga kicin, ɗaya, shiru, ɗaya. Yana gaishe ni, yana cin abin da na dafa, yana cewa an gode. Ya gaya wa Mama a dakata da ɗinki, ta ce dama ita tun farko ba ta ga abin da ya kai shi karatun addinin wasu ba.

Yaya ta ce in zo gidanta in kwana biyu. Na ninke kaya uku na mayar.

Laraba, 23 ga Afrilu

Babu abin rubutawa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ya manta tabarau a kan firiji, na bi shi da shi laburare. Ban taɓa shiga ba. Sanyi, da warin tsohuwar takarda, da fanka ɗaya mai ƙara. Na same shi a teburin ƙarshe, littattafai sun kai masa kafaɗa, yana duba kundi, ya duba littafi, ya rasa inda yake, ya koma. Tun safe uku ya yi.

Na ajiye tabarau zan juya. Ban san me ya zaunar da ni ba, ƙafata ce dai ta gaji. Na jawo kundin na karanta lamba ta huɗu da shafinta a hankali. Sai ya buɗe littafin ya sa yatsa ya ce, "Akwai." Na karanta ta biyar.

Mun kai goma sha ɗaya. Ba mu yi wata magana ba bayan lamba da akwai. Waɗansu littattafan daga dama ake buɗe su, ban san harafi ko ɗaya ba, shi ke bi da yatsa. A ta goma sha biyu ya yi ta neman maganar a shafi na 214 babu. Na ce ya duba 241, don na san yadda hannunsa ke juya lamba in ya gaji. Tana can.

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya turo min jan biron ta kan tebur, ya ce, "Gyara."

Lamba uku ce kawai. Sai da na duba littafin da idona sau biyu kafin in rubuta, ban ɗauki maganarsa ba, ban ɗauki tawa ba. Mai laburare ya sa hannu.

A hanya ya riƙe jaka, na riƙe kwali. Ban ce mun shirya ba. Saura ɗari uku da saba'in da huɗu.