Keken Ɗinkina da Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris
Ƙanwata ce ke rubutawa, ni ban yi boko ba. Na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta yi min kwalliya.
Ciwon rawar jikin nan, Fakinsan likita ya kira shi. Rawar hannun na saba da ita. Ƙafar ce. Ina tafiyata lafiya lau, da na zo bakin ƙofar ɗaki sai ta kafe, kamar an zuba danƙo. Kai ya yi gaba, ƙafa na baya. Haka na faɗi jiya.

Laraba, 5 ga Maris
Ɗana ya zo, ya ga ƙulun goshina. Ya ce, "Mama, in aka sake, gidana za ki koma." A saman bene yake zaune. Wadda ƙofa ta gagara, ina ita ina matakala? In na hau, sai dai a sauko da gawata. Wai kuma zai sayar da keken ɗinkina, yana tare hanya a falo. Keken da na taka har na aurar da 'ya'yana duka. Na juya masa baya. Muryar ma yanzu ba ta fita sosai.

Asabar, 8 ga Maris
'Yar asibitin nan mai koyar da motsa jiki ta zo. Wai in riƙa ɗaga gwiwa kamar soja, ina ƙirgawa da ƙarfi. Ni da jikoki! Na yi dai don kar ta ji kunya. Tana fita na kwanta, cinyoyi kamar an yi min duka.

Talata, 11 ga Maris
Na gaji. Sa haka kawai.

Alhamis, 13 ga Maris
Na sake kafewa, ina riƙe da jikin ƙofa. Na ƙirga, na ƙirga, ko motsi. Ƙanwata na jan hannuna, "Yaya, ɗaga mana!" Na ce da zan iya, ke nake jira? Ja ma ƙara ƙulle ni yake.
Ban kai banɗaki ba. Kar ki sa wannan. To, sa, wa zai gani. Ɗana dai kar ya ji.

Lahadi, 16 ga Maris
Zanin ƙanwata ya yage, ta hau kekena. Allah na gani, duk bokonta matar nan ba ta iya taka keke ba. Yana gaba yana baya, zare na tsinkewa. Daga kan gado nake cewa ki fara juya shi da hannu tukuna, ba ta jina. Haushi ya tashe ni. Na zo ƙofa, na kafe kamar kullum.
Sai ta dace, keken ya ɗauka, caka-caka, caka-caka. Na ji ƙafar damata ta danna ƙasa da kanta, kamar ni ce a kansa. Ta hagu ta bi. Ban ankara ba ina tsaye a kanta ina faɗa.
Ta saki baki. "Yaya, wa ya fito da ke?"
Na ce ɓarnar zarena.

Juma'a, 21 ga Maris
Ɗana ya zo da mai sayen keke. Na ce su tsaya a falo. Na fito daga ɗaki ina caka-caka da bakina, kamar mai taɓin hankali, har na dafa keken. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce zai jira a waje. Ɗana ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Ya ce maganar bene a bari tukuna. Tukuna dai ya ce.
Ba warkewa na yi ba, kar ki rubuta haka. Hannun na nan yana abinsa, da safe ma na kafe kafin sautin ya zo min. 'Yar asibiti ta ce ai ƙirgen da take faɗa kenan. Ita ta sani.
Gobe ki zo da wuri, ki taho da man keke. Ba don komai ba, ƙararsa ce ta fara kaushi.