Takalman Mama

Ƙanena Baudilio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Nubia da yara kuna lafiya.

Shekara biyar ta cika da rasuwarta, ranar Talata aka buɗe ramin Mama a bangon maƙabarta don a ba wani wurin. Baudilio, ba ta ruɓe ba! Ta bushe ƙayau kamar sauran gawawwakin garin nan, kitsonta na nan, har gashin ido. Mai kula da gidan adana gawawwaki ya ce ko a sa ta a gilashi tare da su, ko a ƙona. Sai mun sa hannu mu biyu kafin ƙarshen wata. Ni ina so ta zauna.

Yayarka, Herminia

Yaya Herminia,

Na sami wasiƙarki, muna lafiya.

Ban yarda ba. Uwarmu ce za ta zama abin kallo, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar ta hoto suna lasar askirim? A ƙona ta, ta huta. Kuma kin san ko tana raye ba ta son ganina. Ranar da na bar gonar kofi na taho Bogota, cewa ta yi kada in sake taka mata gida. Takalman da na aiko na ban haƙuri, ke da bakinki kika ce ba ta taɓa fita da su ba. Ba zan iya zuwa in tsaya gaban fuskar da ta mutu tana fushi da ni ba.

Ki huta lafiya,
Baudilio

Sarkin taurin kai,

Ina gaishe ka duk da haka. Jana'iza ba ka zo ba, na haɗiye. Wannan karon ka zo ka gan ta da idonka, sannan ka sa hannu inda ka ga dama.

Herminia

Yaya,

Ki yafe ni. Na zo ranar Asabar, na koma a motar yamma ban biyo ta gida ba, don ban so ki ga idona.

Da shigata gidan adana gawawwakin na tarar da tsoho Don Arcesio, ya cire hula, yana ba marigayiya matarsa labari ta gilashi: wai ruwa ya yi yawa bana, kuma jikarsu ta haihu. Ya juyo ya ce, "Kai ba ɗan Eudoxia ba ne? Kai ma gaisuwa ka zo?" Babu wanda ke lasar askirim.

Mai kula ya kai ni ɗakin baya ya ɗaga mayafin. Na kasa kallon fuskarta, sai na dubi ƙafafun. Yaya, baƙaƙen takalman nan ne masu maɓalli! Na durƙusa na yi kuka har mutumin ya fita ya ba ni wuri.

Na sa hannu, za ta zauna. Amma wa ya sa mata su?

Ƙanenki, Baudilio

Baudilio,

Sannu da hanya, ɓarawon zuwa.

Takalmi lamba talatin da biyar ka aiko wa matar da ta shekara sittin tana hawan dutse da buhun kofi. Ina za su shige ta? Kowace Lahadi sai ta goge su ta mayar kwali. Kwana biyu kafin ta cika ta ce min, "Ki sa min na yaron nan ko da matsi, can ba tafiya zan yi ba."

Ka kawo yara su gaishe ta. Na gyara ɗakinka.

Yayarka, Herminia