Ma'aunin da Ya Fashe a Kaskon Gahawa

Mairuwa, daren Laraba

Ban gaya wa kowa ba, amma Yaya Sale ne ya jawo mini kunyar yau. Tun da Baba ya kawo ɗanyar gahawa daga Makka nake ƙona ta wajen suya. Na roƙi Yaya ya samo mini ma'aunin zafi mai araha a Faskari, sai ya kawo na zazzaɓi, kuma yana sane. Ina sa shi a kasko ya fashe. Aka zubar da gahawar, Baba ya yi mini faɗa gaban baƙi. Yaya har da cewa, "Likita, kaskon ya ji sauƙi?"

Gobe abokan Yaya za su zo shan gahawar da yake musu kuri da ita. Dawa zan ƙona in dafa musu, kuma shi zai zuba da hannunsa.